Tambaya da Amsa: Ruwan Kogin Haɗeja da Hakkin Manoman Ƙasa

TAMBAYA: Malam, ni manomin shinkafa ne a yankin Gashuwa. Iyayenmu sun ba mu labarin lokacin da ruwa kan malale fadama duk damina, su noma shinkafa, su kama kifi, shanu kuma su samu ciyawa. Yau ruwan ba ya zuwa mana yadda ya kamata, alhali 'yan'uwanmu na wajen Nguru ambaliya ce ke cinye musu gonaki. Tunda jama'a kullum ƙaruwa suke yi, ashe ba ƙarin madatsun ruwa ne mafita ba?

AMSA: Malam, Allah ya amfana noma. A ganina, gina sabuwar madatsa kafin a gyara yadda ake sakin ruwan waɗanda ake da su ba zai ƙara muku komai ba sai wahala.

Kogin da ke biyowa ta wajenku haɗuwar koguna biyu ne, wato na Haɗeja da na Jama'are. Na Haɗeja an tare shi tun daga sama, domin an kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, sannan aka ƙara ta Challawa a 1992. Babu mai musun amfaninsu, don da su birnin Kano yake shan ruwa, da ruwan Tiga kuma ake noman tumatir da shinkafa da alkama a Kadawa da Kura. Amma sun sauya ɗabi'ar kogin. A da, ruwa kan cika da damina, ya ja baya da rani har ƙasan kogin ya bushe. Yanzu ana sakin sa kaɗan-kaɗan duk shekara, kuma wannan danshi marar yankewa shi ne abin da ciyawar kacala take so. Ciyawar ta tsiro ta fi tsayin mutum, ta riƙe laka, ta toshe tsofaffin hanyoyin ruwa, sai kogin ya karkata ta hanyar ruwa ta Marma zuwa Nguru, ya kwanta a gonakin mutane. Ga tsuntsayen jan-baki kuma da ke kwana a cikin kacalar, da safe su sauka a kan shinkafa da gero. Ambaliyar da 'yan'uwanku ke kuka da ita da ƙarancin da kuke fama da shi, tushensu ɗaya ne.

Saboda haka mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa a yau na Jama'are ne, wanda ba a datse shi ba tukuna. Wannan ne ya sa mutanen Yobe da Borno suka daɗe suna ɗari-ɗari da shirin madatsar Kafin Zaki a jihar Bauchi, kuma ina ganin suna da hujja. Masana tattalin arziki da suka yi nazarin yankin a shekarun 1990 sun gano cewa, idan aka haɗa noma da kamun kifi da itacen girki, ruwan da aka bar wa fadamun Haɗeja da Nguru ya fi kawo amfani fiye da daidai adadinsa da aka zuba a manyan gonakin noman rani na sama.

Shari'a ma ba ta bar wannan batu ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi hukunci a kan ruwan wasu kwaruruka na Madina, cewa na sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sake shi ga na ƙasa. Ke nan wanda ruwa ya fara isa gare shi yana da rabo, amma rabon yana da iyaka. Manomin da ya bar ruwa yana kwarara a gonarsa dare da rana don kawai kanal ta biyo ta kusa da shi, hakkin wani yake ci.

Abin da zai ciyar da ƙarin jama'a shi ne a sami amfani mai yawa daga ruwan da ake da shi. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ta riƙa sakin ruwa mai yawa a tsakiyar damina yadda zai kwaikwayi tsohuwar malala, a rage shi da rani, a kuma yashe hanyoyin da kacala ta toshe. Su ma manoma suna da nasu aikin. Shinkafa ba ta buƙatar tsayawa cikin ruwa kullum; ana iya barin gonar ta ɗan tsane kafin a sake ban ruwa, in ban da lokacin fitar da kai, kuma amfanin ba ya raguwa. Ƙasa mai rairayi kuwa, wake ko gyaɗa sun fi dacewa da ita.

A 2006 gwamnonin jihohin Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato sun amince a Damaturu da kafa asusun kula da kwarin waɗannan koguna tare. Ku haɗa kai da masunta da makiyayan yankinku, ku kai koke ɗaya a rubuce ta hannun masarauta da 'yan majalisarku, ku nemi a riƙa sanar da jadawalin sakin ruwa a rediyo kafin lokacin shuka.