Yarinyata ta yi na ɗaya a aji, ni kuma ina Gabon: wace makaranta zan sa ta?

Wani ɗan'uwa da ke neman abinci a Libreville ya turo min saƙo. Iyalinsa suna Garwa, 'yarsa tana CM2, ajin ƙarshe na firamare, tun da ta shiga lakwal ba ta taɓa sauka daga na ɗaya ko na biyu ba, musamman a lissafi. Yayansa ya ce a kai ta Kano makarantar kwana, uwarta ta ce ba inda za ta je, wani aboki kuma ya ba shi sunan wata sabuwar makarantar kuɗi. Shi dai kansa ya ɗaure.

To ɗan'uwa Allah ya raya ta, ya sa mata albarka. Amma kafin maganar makaranta, ina takardar haihuwarta? Wallahi wannan ita ce ke karya yaranmu a arewacin Kamaru, yaro ya yi shekara shida yana ƙoƙari sai an zo rijistar CEP, jarrabawar gama firamare, a ce ba shi da akt, wato takardar haihuwa, shi ke nan ya zauna. In tana da ita, a ɗauko maka hoto ka duba da idonka, sunan da ke jiki da ranar haihuwa su zo daidai da na takardun makaranta harafi da harafi, don sunayenmu kowane magatakarda yadda ya ga dama yake rubuta su da Faransanci. In babu, ko lokacin yi a meri, ofishin magajin gari, ya wuce, sai an bi ta kotu an samo hukuncin da ake kira jugement supplétif, kuma ba abin kwana biyu ba ne, a fara yau.

Maganar Kano, ni gaskiya ban goyi baya ba a yanzu. Ba wai makarantun can ba su da kyau ba ne. Yarinyar nan da Faransanci ta koyi rubutu, da shi ta koyi lissafin da ake yabonta a kai, in ka ɗauke ta ka jefa ta ajin Turanci tana 'yar shekara 11 ko 12, nesa da uwarta, shekarar farko duk a kame-kame za ta ƙare, kuma yaron da ya saba zama na ɗaya in ya ga kansa a ƙarshen aji abin yana cin ransa fiye da yadda manya ke zato. Ga hanya ma daban ce. Can Najeriya sakandare shekara shida ce sai WAEC ko NECO sannan JAMB, nan Kamaru kuwa shekara bakwai, jarrabawar BEPC bayan huɗu, sai ta Probatoire, sai Bak, ta gama sakandare. In Turancin kuke so ai akwai lise bileng, sakandaren gwamnati mai Faransanci da Turanci, a Garwa, Kamaru da kanta tana da tsarin Turanci mai kai wa ga jarrabawar GCE. Jami'a kuma ga Ngaundere, ga Marwa tun 2008, ga ta Garwa da aka kafa a 2022.

Ita kuwa sabuwar makarantar, kar fenti da motar ɗaukar yara su ruɗe ka. A tambaya ko tana da izinin ma'aikatar ilimin sakandare, MINESEC, don kusan duk shekara sai an rufe waɗanda ba su da shi. A tambayi yara nawa suka zauna BEPC bara, nawa suka ci. Ofishin Bak ma yana fitar da jerin makarantu bisa sakamakonsu, a duba. In kuma sabuwa ce fil ba ta taɓa kai yara jarrabawa ba, to kar a yi gwaji da 'yarka.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wa zai sa mata ido. Kai ba ka nan. Na ga yarinya a unguwarmu mai kai kamar me, an sa ta makaranta mai tsada can ƙetaren gari, kullum a bayan moto cikin ranar Garwa ta watan Maris da Afrilu, ta dawo a gajiye ga wanke-wanke ga ɗiban ruwa ga islamiyya, kaye, littafin rubutunta, a buɗe ita kuma ta yi barci a kansa. Kafin a kai 4e, aji uku na sakandare, ta koma tsakiyar aji, ba wanda ya taɓa zuwa karɓar bileten ɗinta, takardar sakamako, ya zauna da malami. Don haka lise na gwamnati da ke kusa da gida, in an rage mata aikin gida, an sama mata fitila mai caji da malamin repetisiyon, mai ƙarin darasi, na lissafi da kimiyya, zai iya fin waccan amfani, sauran kuɗin ka ajiye don shekara bakwai ba wasa ba ce, ci-rani kuma yau da samu gobe babu.

Kuɗin makaranta ka tura wa mamanta kai tsaye, a biya a turo maka hoton rasit, ba don zargin kowa ba, don zumunci ya zauna lafiya. Yayanka kuma ka kira shi da kanka ka gode masa, ka ce a bari ta yi BEPC tukuna a sake zama. Ka karɓi lambar babban malamin ajinta, duk ƙarshen zango ka kira.

Sannan daren nan in ka kira gida ka ce a ba ta wayar, ka tambaye ta ita wace makarantar take so kuma me ya sa. In kun yi magana, ka sake rubuto min da sunan unguwarku mu duba waɗanda ke kusa.