Tsakanin 110 TH/s da 9,500 MH/s, wanne ya fi?

Malam, ka ce wani dillali a Yamai ya nuna maka injinan haƙar kirifto biyu, ɗaya 110 TH/s, ɗaya 9,500 MH/s, kana so ka san mafi ƙarfi.

H/s yawan lissafin da inji ke gwadawa ne a daƙiƙa ɗaya. Kowane mataki ninki 1,000 ne na wanda ke ƙasa da shi: kH, MH, GH, TH, PH, sai EH. Wato 9,500 MH/s ɗin nan 9.5 GH/s ne kawai, 110 TH/s kuwa 110,000 GH/s ne, yawan lambar ne ya ruɗe ka.

Sai dai ba a gwada su kai tsaye. Na farko kuɗin Bitcoin yake haƙa da tsarin lissafin SHA-256, na biyun, bisa alama, na kuɗin Litecoin ne mai tsarin lissafin Scrypt, lissafinsu ba iri ɗaya ba ne.

Ni wuta ce ta fi damuna. Misali, injin Antminer S19 Pro mai 110 TH/s yana jan wat 3,250, kimanin kWh 78 a kwana ɗaya, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Kafin ka biya, ka kira ƙwararren mai gyaran wuta ya duba wayoyin gidanka. In dillalin ya ambaci haƙar Ethereum, ka rabu da shi, an daina tun Satumba 2022.