Yaran da suka karaya tun kafin a busa usur

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa mai tambaya, ka ce an damƙa maka ƙungiyar ƙwallon unguwarku, yaran sun iya taka leda, amma da sun ji za a kara da wata babbar ƙungiya sai jikinsu ya mutu. Kana so ka sani ko maganar "ku yarda da kanku" tana da amfani, ko kuwa surutun 'yan lacca ne. Na yi shekara tara ina jan irin wannan ƙungiya a nan Kano, bari in ba ka abin da idona ya gani.

Da farko ni ma laccar na riƙe. Kafin kowane wasa sai in tara su a gindin darbejiya in yi ta kumfar baki: ku zakuna ne, babu wanda ya fi ku. Su gyaɗa kai, "haka ne, koci." A shiga fili, minti goma a zura mana ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai, a ƙara mana uku. Wata rana golanmu, yaro ne mai tsaurin ido amma ba ya ƙarya, ya ce da ni: "Koci, kai ma fa ba ka yarda da mu ba. Da aka ci mu na waiwaya, na gan ka zaune ka ɗora hannu a ka. Kuma in ka yarda da mu, me ya sa duk babban wasa sai ka ɗauko sojan haya?"

Kwana biyu ban kula shi ba. Amma gaskiyarsa ce. Duk ranar babban wasa nakan aro yara biyu ko uku daga wata unguwa, in zaunar da waɗanda suka sha rana a atisaye. Bakina yana cewa za ku iya, takardar sunayen 'yan wasa tana cewa ba za ku iya ba. Takardar suka gaskata.

Abin da ya ƙara buɗe min ido shi ne Kofin Afirka na 2013. Najeriya ba ta ma samu zuwa gasar 2012 ba. Marigayi Stephen Keshi, kocin Najeriya a lokacin, ya tashi tafiya Afirka ta Kudu inda aka yi gasar, ya ajiye manya irin su Odemwingie da Obafemi Martins, ya ɗauki 'yan wasan gida, wato masu buga wa ƙungiyoyin cikin Najeriya, shida cikin 23, har da Reuben Gabriel na Kano Pillars. Zagi babu irin wanda bai sha ba. Aka yi kunnen doki da Burkina Faso, aka sake yi da Zambiya, mu a majalisa har mun fara yi musu addu'ar dawowa lafiya. Sai ga Kwaddibuwa ta su Drogba da Yaya Toure a zagayen kwata fainal. Wa ya ci ƙwallon da ta kore su? Sunday Mba, ɗan wasan gida. Shi ne kuma ya ci ƙwallo ɗaya tilo a wasan ƙarshe da Burkina Faso. Oboabona, shi ma na gida, ya riƙe baya, kyaftin Yobo yana benci. Abin da na ɗauka a nan shi ne Keshi ya miƙa musu riga a ranar da kowa yake kallo, ya kuma yarda laifin ya hau kansa in abin ya ɓaci. Yaro ba ya manta wannan.

Na dawo na daina sojan haya. Wasa biyu na farko mun sha kashi, har dattawan da ke saya mana ruwa suka fara ƙorafi. Na kuma daina cewa "yau sai mun ci." Sai in ce: minti ashirin na farko kada ƙwallo ta shiga ragarmu, shi ke nan aikinku. In sun cika, a hutun rabin lokaci in tuna musu cewa waɗannan da kuke tsoro sun yi minti ashirin sun kasa. Gani ya kori ji. A atisaye kuma na ƙirƙiro wata dabara: in raba su biyu, in ce 'yan wasan farko an riga an ci ku biyu, saura minti goma sha biyar, ku farke. Ranar farko faɗa suka yi da juna. Bayan wata biyu, in an riga mu ci a wasan gaske, sai ka ga mai tsaron baya ya ɗauko ƙwallo daga raga da gudu ya kai tsakiya, don yanayin ba baƙo ba ne a wurinsu.

Wani abu da nake roƙonka: yaro in ya yi kuskuren da aka ci ku, kada ka cire shi nan take. Sauran goma suna kallo, kuma daga ranar babu mai sake gwada abin da zai iya jawo masa kunya, kowa zai riƙa jefar da ƙwallo kamar garwashi.

Amma kada in yaudare ka. Shekarar da muka kai wasan ƙarshe na gasar unguwanni, yardar ta yi yawa har ta zama girman kai. Gudun asuba ya koma na mutum biyar. Ni ma na yi sakaci, na ce ai yanzu sun san kansu. Minti saba'in numfashi ya ƙare, aka yi mana biyu a jere. Ba a fafe gora ranar tafiya. Keshi ma sai da ya shafe shekarar 2012 yana tara 'yan wasan gidan nan a sansani yana gwada su a wasannin sada zumunci kafin ya tafi da su.

Wasanku na gaba, ka ba wani yaro waya ya ɗauki bidiyo. Ba 'yan wasa zai ɗauka ba, kai zai ɗauka, daga farko har ƙarshe, musamman lokacin da aka zura muku. Ka kalla kai kaɗai da daddare. Ni da na kalli nawa, sai da na kira golan nan na ba shi haƙuri.