Amsa ga Maman yaron da ya warke amma mantuwa ta kama shi

Maman yaro, sannu da ɗawainiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Kin ce watanni shida ke nan da aka sallamo shi bayan kumburin ƙwaƙwalwar da garkuwar jikinsa ta haddasa, kuma kina tambaya ko kansa zai dawo daidai.

Yawancin yara suna samun sauƙi sosai, sai dai a hankali. Wani nau'in wannan kumburin da likitoci ke kira anti-NMDA, da aka fara ganowa a 2007, farfaɗowa daga gare shi kan kai shekara ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye. Farfaɗiya da fizge-fizge su ke fara tafiya. Abin da ke daɗewa shi ne mantuwa, rashin natsuwa, saurin fushi da gajiya.

Ɗan yayata a nan Birnin Kebbi haka ya yi. A aike shi sayo magi da gishiri, ya dawo da gishiri kaɗai yana sosa ƙeya. Surar da ya haddace jiya, yau babu. Malamin islamiyya har ya ɗauka iskanci ne, ya ɗaga bulala, sai da muka je muka yi masa bayani. Ki yi hakan tun yanzu, boko da islamiyya duka. A rage masa hadda, aike ɗaya a lokaci guda, ya samu isasshen barci.

Kada ki yanke zuwa asibiti don ya miƙe, cutar takan dawo ga wasu. In kika ga barcinsa ya rikice, maganarsa ta ragu, ko baki na motsi haka kawai, ki kai shi wajen likitan yara ranar, ko a tura ku asibitin koyarwa na Sakkwato.