Ga mai tambayar inda ake kallon wasan kwaikwayo a Damagaram

Malam, sannu da zuwa garinmu. Ka ce aiki ya dawo da kai Zinder, kana son sanin wasannin daɓe da ke tafe, da ko za ka iya zuwa da yara. Na daɗe a cikin harkar, tun ina ɗan lakwal ina ɗaukar wa manya benci har na kai ga fitowa a matsayin dogari, to bari in faɗa maka gaskiya: babu wani jadawali da za ka buɗe ka ga wasannin wata uku masu zuwa. Labarin teyatur a nan a bakin mutane yake.

Ka fara da gidan matasa da al'adu, wanda kowa ke kira MJC. Ka faɗa wa ɗan kabu-kabu haka, zai kai ka. Kada ka tsaya ga takardar da aka manna a ƙofa, sau da yawa ta wasan da ya wuce ce. Ka je bayan la'asar, ka gaida maigadi, ka tambaye shi wace ƙungiya ke gwaji a kwanakin nan. In ka samu lambar mutum ɗaya a cikinsu, shi ke nan, sanarwa za ta riƙa iso maka ta WhatsApp. Ka riƙa sauraren gidajen rediyon gari da safe kuma.

Lokutan da za ka sa ido su ne kwanakin sallah, ƙarshen shekarar karatu da ɗalibai ke shirya bukukuwansu, sai 27 ga Maris, ranar wasan kwaikwayo ta duniya, da 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kan Nijar, da 18 ga Disamba, ranar jamhuriya. A 2018, shekarar Zinder Sabuwa, wato da aka yi bikin ƙasa na 18 ga Disamba a garin nan, sai da muka gaji da kallo. Cikin azumi kuwa kada ka wahalar da kanka. Ka leƙa jami'a ma. Ai André Salifou da aka sa mata sunansa ɗan garin nan ne, kuma shi ya rubuta wasa da Faransanci a kan Sarkin Damagaram Tanimun.

Dalilin da ya sa nake cewa ka bi ƴan wasa maimakon takarda shi ne yadda muka gaji abin. Tun zamanin samariya, wato ƙungiyoyin matasa na gwamnati, lokacin mulkin Seyni Kountché daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyi ke gasa daga unguwa zuwa jiha har matakin ƙasa, kuma yawancinsu ba sa rubuta magana. A zauna a tsara labari, a raba wa kowa matsayinsa, a ce kai ne alhaji mai rowa, ke ce uwar miji, sauran kuma sai abin da baki ya kawo. Haka su Yazi Dogo suka yi suna har a Télé Sahel, gidan talabijin na ƙasa. Shi ya sa wasa ɗaya in ka kalle shi daren Juma'a ka koma daren Asabar, za ka rantse wani ne daban. Tushen ma ya girmi samariya: wasan kara, inda ake kwaikwayon sarki da gwamna da minista, tafiyarsu da tarinsu, wani lokaci a gabansu suna dariya.

Akwai daren da ba na mantawa. Muna tsakiyar fagen shari'a aka ɗauke wuta, injin da aka yi mana alkawari kuma bai zo ba. Wanda ke yin alƙali bai ko motsa ba, sai ya ɗaga murya cikin duhu ya ce: "Dogari, wa ya biya a kashe fitilar kotuna?" Wurin ya kece da dariya, mutane suka kunna fitilun wayoyinsu, da su muka ƙarasa. Wata tsohuwa a layin gaba har ta miƙe tana ba da shaida a kan mai ƙara, ta manta wasa ake.

Maganar yara, ka zo da su, amma ka fara tambayar jigon. Da yawa cikin wasannin yanzu na faɗakarwa ne da ƙungiyoyin agaji ke ɗaukar nauyi, kan auren wuri, allurar rigakafi ko shaye-shaye. Kyauta ne galibi, wasu na da daɗi, wasu kuwa wa'azi ne aka sa wa babbar riga, kuma ni ban ɓoye ba, sun rage wa abin gishiri. Wanda ake biyan kuɗin ƙofa yakan fi armashi, don ɗan wasa ya san in bai ba da dariya ba gobe ba mai dawowa.

In an ce ƙarfe takwas, ka yi isha'inka a natse, ba za a fara ba sai wajen tara. Ka riƙe ƴan canji da ruwan sha, cikin hunturu kuma ka sa wa yaran rigar sanyi, don a fili ake yi. Ka zauna kusa da gaba, lasifika ba ta da tabbas. In ka shirya zuwa gwajin, yi mini magana ta gefe mu tafi tare, ina nan unguwar Birni.