Amsa ga ɗiyata mai karatu a Liyon, ƙasar Faransa

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce malamin da ke duba miki aikin masta ya yi ƙorafi: in yana bayani kina sunkuyar da kai, in ya yi tambaya kina amsawa ƙasa-ƙasa, har ya fara zaton ba ki gane karatun ba. Kina tambaya ko ɗago ido ki dube shi zubar da tarbiyyar gida ne.

Ba zubarwa ba ce. Ɗago kanki.

Mu nan Damagaram, yaro ya haɗa ido da babba rashin kunya ne. Shi ya sa tun kina ƙarama aka koya miki durƙusa wa kakanki a zaure. Kin sha gani a ƙofar fada cikin Birni, dattijo da furfurarsa ya tuɓe takalmi tun daga nesa kafin ya faɗi gaisuwa. Ana yin haka ne don babba ya san an girmama shi. To, Baturen nan bai tashi cikin wannan ba. A wurinsu mai kau da ido ko yana ɓoye wani abu, ko hankalinsa ba ya wurin. Girman da zai gane shi ne ki zo kan lokaci, kin karanta abin da ya ba ki, ki dube shi ki faɗi inda kika yarda da inda ba ki yarda ba, da lafazi mai daɗi. Fataken garin nan da suka riƙa kai kaya Kano da Tarabulus zamanin Sarki Tanimu, kowane gari suka sauka gaisuwar mutanensa suke koya, kuma ba su dawo sun manta tasu ba.

Addini ma yana bayanki. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Ni da na yi shekaru ina koyarwa a lakwal, abin da ya fi ci mini rai shi ne yarinya ta san amsa sarai, ta rufe baki da gefen mayafi, wanda bai kai ta ba ya ɗaga hannu ya kwashe maki. Ke kuma akwai ranar da za ki tsaya gaban malamai ki kare littafin bincikenki da bakinki. Ranar nan shiru ba zai cece ki ba, gara ki saba tun yanzu.

Akwai abin da ba na so ki saki. Gaisuwarsu ta haɗa kumatu da maza, ki ɗora hannu a ƙirji ki yi murmushi, ya wadatar. Kallabinki kuwa, dokarsu ta 2004 mai hana sa alamar addini, makarantun gwamnati na firamare da sakandare ta shafa, ba ta hana ɗalibar jami'a ba.

In kin dawo hutu, kada in ga kin gaida babanki a tsaye, ko kin kama sunan yayanki gatsau, yadda wasu ke yi in sun sha iskar waje. A Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram ma, in Allah ya sa nan za ki koyar, sai kin iya duka biyun.

Ki kira innarki ranar Juma'a, tana ta cigiyarki. Allah ya ba da sa'a.

Gwaggonki