Amsoshin Tambayoyinku: Hujjojin Jabu Da Man Shafewa Na Sayarwa

Tambaya: Ni Kirista ne, ina karatu a Zariya. Abokin ɗakina ya daina zuwa coci, kullum maganarsa ita ce duk mai addini mutum ne mai saurin yarda da abin da aka gaya masa. Wani mai tura waƙoƙi a waya ya ce zai cika mini katin waya da bidiyon hujjoji a kan Naira 3,000, ciki har da kukan 'yan wuta da aka ɗauka a Rasha, da ranar Joshuwa da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta gano, da tuban Darwin, masanin da ya ce halittu sun samo asali ne ta hanyar sauyawa sannu a hankali. In saya?

Amsa: Ɗana, riƙe kuɗinka ka ci abinci da su. Duka ukun da ka lissafa jabu ne, kuma sun girme ka nesa ba kusa ba. A da a takarda ake raba su a ƙofar coci, yanzu kuwa WhatsApp ya ɗauke wa masu rabawa wahala.

Labarin Rasha cewa yake yi masu haƙa rami sun ɓulla cikin jahannama har sun ɗauki kukan 'yan wuta. Gaskiya ne Tarayyar Sobiyet ta haƙa rami mai zurfin gaske, amma a yankin Kola ne kusa da iyakar Norway, ba a Saiberiya ba kamar yadda labarin yake cewa. An fara haƙawa a 1970, a 1989 aka kai mita 12,262, faɗin ramin kuwa kimanin santimita 23 ne kacal. Abin da ya gagari masu aikin shi ne zafin da ya kai wajen digiri 180, daga baya kuma kuɗi suka ƙare bayan rushewar Sobiyet. Ba su faɗa cikin wani kogo ba, ba su kuma ji kukan kowa ba. Wata tashar talabijin ta Kiristoci a Amurka mai suna TBN ce ta yayata labarin, har wani malamin makaranta ɗan Norway, ganin yadda ake haɗiye zancen ba tauna, ya ƙara masa gishiri da gangan ya aika musu don ya ga ko za su bincika. Ba su bincika ba, shi ne kuma da bakinsa ya fito daga baya ya tona abin da ya yi.

Labarin NASA kuwa, wai kwamfutocin hukumar sun gano yini guda da ya ɓace lokacin da rana ta tsaya cik a zamanin Joshuwa, wani injiniya mai suna Harold Hill ne ya baza shi wajen 1970, cibiyar Goddard ta hukumar ta musanta, kuma irinsa yana cikin littafin wani mai wa'azi tun 1936, alhali ba a kafa NASA ba sai 1958. Ko ba a musanta ba, hankali kaɗai ya isa ya kayar da shi. Kwamfuta tana lissafa inda rana da wata suke a zamanin da ne bisa tafiyarsu ta yau, to da me za ta gwada har ta gane cewa yini guda ya ɓace shekaru dubu uku da suka wuce? Mai agogo ɗaya ba ya iya sanin agogonsa ya yi latti sai ya sami na biyu. Darwin kuma ya rasu a 1882, labarin tubansa bai fito ba sai 1915 a wata jaridar Baftis ta Amurka, daga bakin wata mace da ake kira Lady Hope, kuma 'ya'yansa Francis da Henrietta sun ƙaryata shi. Ko da ma ya tuba ɗin, abin da mutum ya furta a gadon mutuwa ba ya tabbatar da ra'ayinsa na kimiyya, ba ya kuma rushe shi.

Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya ƙwarai, domin asararsa ta wuce Naira 3,000. Abokin ɗakinka yana da waya a hannu, kuma kafin ka gama nuna masa bidiyon farko zai nemo maka inda aka ƙaryata shi, daga nan kuma kai da kanka ka zama hujjarsa. Mafi muni shi ne yaran da malamai masu kyakkyawar niyya suke ciyar da su irin waɗannan labarai a makarantar Lahadi. Yaro ya taso yana jin kukan ramin Rasha da huɗubar kan dutse daga baki ɗaya, ranar da ya gano na farkon ƙarya ne sai ya fara zargin na biyun, kuma ba zan ga laifinsa ba. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya yi wannan gargaɗi a sharhinsa na Littafin Farawa: ya ce abin kunya ne mai haɗari wanda ba Kirista ba ya ji Kirista yana shirme a kan sama da ƙasa da taurari da sunan Littafi Mai Tsarki, domin in ya kama shi da kuskure a abin da ya sani sarai, ba zai yarda da shi a kan tashin matattu ba. Har ƙungiyoyin da suka fi kowa adawa da ra'ayin Darwin, irin su Answers in Genesis, sun sa labarin tubansa da na NASA a jerin hujjojin da suke roƙon mabiyansu su daina kawowa. Mai tura bidiyo ba ruwansa da wannan duka, ya karɓi kuɗinsa ya juya ga na bayanka.

Ka sa data a wayarka ka bincika kowane labari da kanka kafin ka tura wa wani, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 17 ta yabi mutanen Biriya saboda suna bin diddigin abin da Bulus kansa ya faɗa musu. In abokinka ya yi maka tambayar da ta fi ƙarfinka, ka gaya masa za ka nemo amsa, ka tafi wurin faston da ya yi karatun tauhidi na gaske.

Tambaya: Ni uwa ce a Kafanchan, mijina ya rasu. Ɗana ya dawo daga jami'a ya ce mini duk shekarun da na yi a zumuntar mata ruɗina aka yi, wai wawaye ne kawai ke gaskata Allah. Ba na iya barci. Wani annabi ya ce in kawo Naira 40,000 ya ba ni man shafewa da ruwa in riƙa zuba masa a abinci a ɓoye. Zan sayar da akuyata in biya.

Amsa: Mama, Allah ya sanyaya miki zuciya, ya kuma ba ki barci. Matar da ta riƙe gida ita kaɗai har ta kai ɗa jami'a ba wawuya ba ce, kuma abin da ɗanki ya faɗa ba haka yake ba. Gregor Mendel, wanda ya gano yadda 'ya'ya ke gadon siffofin iyaye ta hanyar gwaji da wake ya buga sakamakonsa a 1866, limamin Katolika ne da ya ƙare rayuwarsa a gidan ibada. Georges Lemaître, ɗan Beljiyam da ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, shi ma fada ne. A ɗaya gefen kuma, ƙoƙon kan Piltdown da aka gabatar a Ingila a 1912 a matsayin kakan ɗan Adam ya ruɗi manyan masana har zuwa 1953, sannan aka tabbatar cewa ƙoƙon mutum ne aka haɗa da muƙamuƙin biri. Kin kuma tuna MMM, harkar zuba kuɗi ta damfara, wadda ta rufe asusun mutane a Disambar 2016: masu digiri da ma'aikatan banki sun zuba kuɗi, Musulmi da Kirista da wanda ba ya shiga masallaci ko coci. Saurin yarda yana kama mutum ne ta inda yake da kwaɗayi ko tsoro ko matsananciyar bukata, kuma babu wanda ba shi da irin wannan ƙofa.

Taki ƙofar a yanzu ita ce tsoron rasa ɗanki, ta nan kuma mutumin nan yake so ya shigo. Kada ki sayar da akuyar. Wasiƙar Yaƙub sura 5 ta ce dattawan ikkilisiya su shafa wa marar lafiya mai su yi masa addu'a, ba ta sa farashi ba, kuma man da yawancin masu sayarwar nan ke ɗurawa a ƙananan kwalabe man zaitun ne irin Goya da ke kowane kanti. Da Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi yana neman baiwar Allah a Ayyukan Manzanni sura 8, Bitrus ce masa ya yi ya hallaka tare da kuɗinsa. A Amurka an kama wani mai wa'azi, Peter Popoff, a 1986 da ƙaramar na'ura a kunne, matarsa tana karanto masa sunaye da cututtukan mutane daga katunan addu'ar da suka cike a ƙofa, shi kuma yana cewa wahayi ne. Bayan ya karye ya dawo yana tallan ruwan mu'ujiza. A Accra mutum 4 suka mutu a 2013 a turmutsitsin karɓar ruwan shafewa. A nan gida ma NAFDAC ta gargaɗi jama'a a 2024 game da ruwa da sabulun mu'ujiza na wata coci a Jihar Delta, ta ce ba su da rajista. Ba ki san abin da ke cikin kwalbar ba, ta yaya za ki zuba wa ɗanki a tuwo? In kuma ya gano, kin ba shi shaidar da yake nema da hannunki.

Ki ci gaba da yi masa addu'a, wadda ba ta cin ko sisi, ki saurari tambayoyinsa ba tare da kuka ko zagi ba, ki kuma gaya masa a fili cewa wani ya nemi kuɗi kin ƙi. Wannan zai girgiza ra'ayinsa game da ke fiye da kowace muhawara.

Tambaya: Ni Musulmi ne daga Kano. Ina so in sayi tarin faya-fayen muhawara don in rufe bakin wani Kirista a ofishinmu, tunda su kowane labari gaskatawa suke yi. Na riga na fara masa da musuluntar Neil Armstrong, mutumin da ya fara taka duniyar wata, bayan ya ji kiran salla a can.

Amsa: Malam, ka zo kana zargin wani da saurin yarda, ga shi a jimla ta gaba ka kawo labarin da Armstrong ya musanta, har ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta takardar ƙaryatawa a 1983. A duniyar wata babu iskar da za ta ɗauki sauti ma. Kai da addininka ya umarce ka a Suratul Hujurat aya ta 6 da ka tantance labari, malaman hadisi irin su Imamu Bukhari kuma suka ƙare rayuwarsu suna bin isnadi mutum bayan mutum, bai kamace ka ba. Ofis wurin aiki ne, kuma a Arewa mun san abin da gardamar addini ta jawo mana. Ka bar faya-fayen a inda suke, ka je ka janye labarin da ka ba shi.

Tambaya: Ƙanwar mahaifina za ta je ziyara Urushalima, ta ce in ba da kuɗi ta sayo mini ruwan Kogin Urdun da gicciyen itacen zaitun. Yana da kyau?

Amsa: 'Yata, in tsaraba kike so, gicciyen ya isa, kuma masu sassaƙa shi a Baitalami iyalai ne da ke rayuwa da sana'ar, sai dai ki ce mata ta yi ciniki domin farashin baƙi daban ne. Ruwan kuwa, ƙasan kogin ya gurɓata da ruwan gonaki da na magudanai, don haka in ta kawo ki ajiye shi a kan kabad, kada ki sha, kada kuma ki ba marar lafiya a madadin magani.